Bayan An Rufe Hanyar Teku: Cinikin Bayi da Ƙasar Yawuri

A shekarar 1854 aka buga wani littafi a Landan mai suna Polyglotta Africana. Mai shi, wani Bajamushe ɗan mishan da ake kira Sigismund Koelle, ya zauna ne a Firitawun ta ƙasar Saliyo yana tattara kalmomi na harsunan Afirka sama da 100 daga bakin bayin da aka ƙwato a teku. Cikin harsunan nan har da Kambarci. Wato ke nan an kama wani daga ƙasar Kambari, ƙasar da Warra da Ngaski ke cikinta, aka bi da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgi.

Hanyar da irinsa suka bi sananniya ce. Yawuri tana bakin Kogin Kwara, kan hanyar fataken Gwanja masu neman goro. Daga nan bayi kan gangara ƙasar Nufe, su ratsa ƙasar Yarabawa, su isa tashoshin Ikko da Badagiri. Da yawansu an kai su Bahia ta ƙasar Barazil, inda Hausawa bayi suka shirya tawaye tun 1807.

A wannan shekara ta 1807 ne Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin, Amurka ta biyo baya a 1808. Amma doka daban, abin da ke faruwa a teku daban. Jiragen yaƙin Ingila sun yi shekaru suna sintiri, sun 'yantar da mutum kimanin 150,000, duk da haka miliyoyi sun ƙetare. Sai da Barazil ta rufe ƙofarta a 1850, Turawa suka ci Ikko da yaƙi a 1851, sannan cinikin ya karye. Na Kyuba ya ƙare cikin shekarun 1860.

Mai karatu zai zaci daga nan mutanen bakin kogi suka huta. Ba haka aka yi ba. Masu kamen bayi ba su ajiye makamai ba don an rasa mai saye a teku. Sai bayi suka yi araha, aka riƙa amfani da su a gida. A kudu, masana'antun Ingila na son manja don yin sabulu da shafa wa injuna, bayi ne kuwa suka ɗauki nauyin tatsarsa da dakonsa. A Daular Sakkwato rinji ya yawaita, inda bayi ke noman hatsi da auduga da baba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin daular sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi.

Ga Kambari, wahala mafi tsanani ta zo ne bayan an rufe teku. A daidai lokacin ne Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kwantagora, ɗansa Ibrahim kuma ya yi suna wajen kai hari. Ƙauyuka sun watse, gonaki sun koma daji. Gungawa masu zama a tsibirai sun fi samun sauƙi, domin doki ba ya ƙetare babban ruwa ba tare da jirgi ba. Da yawa daga tsibiran nan yanzu suna ƙarƙashin Tafkin Kainji, tun da aka kammala madatsar a 1968.

Harin ya tsaya ne a 1901, da sojojin Lugga suka ci Kwantagora. Dokar da ya kafa a shekarar ta hana saye da sayar da bayi, ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afirilu 1901 ɗa ne. Wanda yake bawa tun kafin nan kuwa, sai ya biya murgu ko ya fanshi kansa a gaban alƙali. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Nijeriya ta Arewa ba sai 1936.