Girman Ƙafar Mota: Tsakanin Daɗin Zama Da Saurin Bin Sitiyari

A kasuwar tayoyi sau da yawa akan ga mai mota ya zo yana neman a canja masa ƙafafun motarsa da manya, alhali kuwa babu abin da ya sami waɗanda kamfani ya sako. Dalilinsa bai wuce ado ba: babban rim mai ƙyalli da siririyar taya a jikinsa suna sa mota ta yi kwarjini. Bayan 'yan makonni sai ya fara kukan cewa motar ta daina daɗin zama, kowane ɗan rami yana jinsa har cikin ƙashin bayansa. Wani kuma ya dawo da taya ta yi ƙulu a gefe, ko rim ya lanƙwashe. Babu asiri a cikin wannan al'amari. Lissafi ne da kimiyyar motsi, irin waɗanda ɗalibin sakandare ke koya a aji.

Ƙafar mota abu biyu ce a haɗe. Akwai ƙarfen da ake ɗaurewa da noti a jikin mota, wanda makanikai ke kira rim, akwai kuma taya ta roba da ake hura wa iska. Idan mutane suka ce wannan ƙafa inci 15 ce, waccan kuma inci 18, girman rim suke nufi, ban da taya.

Rubutun da ke jikin taya

A gefen kowace taya akwai lambobi kamar haka: 195/65 R15. Lambar farko, wato 195, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 65, ita ce ta fi rikita mutane, domin ba tsawo ba ce kai tsaye. Tana nufin tsayin kuiɓin taya, wato robar da ke tsakanin bakin rim da fuskar da ke taka ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta. Kashi 65 na 195 kuwa ya kama milimita 127 in an cike. Harafin R yana nuna yadda aka jera zaruruwan cikin tayar, salon da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a shekarar 1946. Lambar ƙarshe ita ce girman rim a inci. Abin dariya ne a ce abu ɗaya ana auna rabinsa da milimita rabinsa da inci, amma haka aka gada, kuma haka duniya ke tafiya a kai.

Don a san tsayin ƙafar gaba ɗaya, sai a mayar da inci 15 zuwa milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka rim ɗin milimita 381 ne. A ƙara kuiɓi sau biyu, na sama da na ƙasa, sai a sami kimanin milimita 634.

Motar Golf ta kamfanin Volkswagen, wadda 'yan'uwanta suka cika tashoshin arewacin Nijeriya, misali ce mai kyau, domin samfurinta na huɗu da ya fito a 1997 an sayar da shi da ƙafafu iri-iri. Akwai mai 195/65 R15, da mai 205/55 R16, da mai 225/45 R17. Idan aka yi wa biyun ƙarshe irin wancan lissafi, za a sami milimita 632 da 634. In an ƙara da 225/40 R18 za a sami 637. Tsayin ƙafar bai canja ba sai da ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ya canja shi ne kuiɓin taya: daga milimita 127 ya sauko 113, sannan 101, sannan 90. Ashe duk incin da aka ƙara wa ƙarfe, daga roba da iska aka ɗebe shi.

Dole ne kuma a yi hakan. Gurbin da ƙafa ke juyawa a cikinsa yana da iyaka, kuma agogon gudu ba ya ganin hanya, juyin ƙafa yake ƙirgawa. Ƙafa mai tsayin milimita 634 tana cin kusan mita 2 a kowane juyi, wato tana juyawa sau 500 da 'yan kai a kilomita ɗaya. Da mai mota zai sa 225/55 R17, tsayin zai kai milimita 679, ƙarin kashi 7 cikin 100 ke nan. Gudun da agogo ya saba nunawa a matsayin kilomita 100 zai zama 107, direba bai sani ba. Shi ya sa masu sana'ar taya suke gargaɗin kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100.

Iska ita ce katifa

Dalilin ƙirƙiro taya mai iska tun farko shi ne daɗin zama. Robert William Thomson ya yi rajistar irinta a 1845, amma ba ta sami karɓuwa ba. Sai a 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin birnin Belfast, ya sake fito da ita bayan ya gwada ta a keken ɗansa mai ƙafa uku. Hikimar ita ce, iska tana matsuwa ta kuma dawo. Idan taya ta hau ƙaramin dutse, sai ta lotsa ta haɗiye shi, maimakon ta ɗaga motar duka.

Taya ce ke fara karɓar duka kafin sifirin da shokazoba su karɓa. Ƙananan gargada, irin su tsakuwa da tsagewar kwalta da kunya-kunyar da ke fitowa a hanyar burji, yawancinsu a kuiɓin taya suke ƙarewa. Dogon kuiɓi yana da wurin lotsawa. Gajere kuwa dole a yi shi da tauri don ya iya ɗaukar nauyin mota, saboda haka abin da ya kasa haɗiyewa sai ya miƙa wa fasinja.

A bakin rami ne al'amarin ya fi muni. Lokacin da ƙafa ta faɗa rami da gudu, kaifin bakin kwalta yana danna tayar zuwa ciki. Idan lotsawar ta kai har roba ta matse tsakanin kwalta da bakin rim, zaruruwan da ke cikin kuiɓi suna tsinkewa. Daga nan iska ta turo robar waje, ƙulu ya fito. Taya mai ƙulu ba ta gyaruwa, ko da wane mai faci aka kai wa, kuma tana iya fashewa ana cikin tafiya. Bambancin milimita 127 da 90 bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma sau da yawa shi ne tsakanin a wuce rami lafiya da a tsaya neman safaya a dokar daji.

Ba banza ba Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta yi suna a hanyoyin Afirka. Rim ɗin ƙaramarta inci 14 ne kacal, kuiɓin tayarta ya kai kimanin milimita 140, ga sifirin mai dogon zango. A wannan shekarar ce kuma irinta ta lashe gasar tseren Safari a Kenya, inda ake gudu a kan turɓaya da taɓo da duwatsu.

Abin da babban rim ke bayarwa

Duk da haka ba ado kaɗai ke cikin babban rim ba. Sa'ad da direba ya murza sitiyari, rim ne ke fara juyawa. Fuskar taya tana manne da ƙasa, ba za ta bi ba sai kuiɓi ya gama murɗewa ya jawo ta. Wannan jinkiri bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma direba yana jinsa: mota mai dogon kuiɓi takan yi kamar tana tunani kafin ta amsa. A kwana kuma nauyin mota yana tura taya gefe, dogon kuiɓi ya kwanta, fuskar taya ta daina zama daidai a ƙasa. Gajeren kuiɓi mai tauri yana rage duka biyun. Motar tana amsa sitiyari nan take, wanda ke da amfani ƙwarai idan akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo hanya ba zato.

Sannan akwai batun birki. Faifan birki da abin da ke damƙe shi suna zaune ne a cikin rim. Mota mai nauyi ko mai tsananin gudu tana bukatar babban faifai don ya iya watsar da zafi, babban faifai kuwa sai babban rim. Wannan ne dalilin da ya sa wanda yake son ya rage girman ƙafarsa don daɗin zama ba zai iya sauka yadda ya ga dama ba. Akwai girman da in an yi ƙasa da shi rim ba zai shiga ba sam.

Galibi babban rim yana zuwa da taya mai faɗi, kuma mutane suna ɗauka cewa faɗi yana nufin roba mai yawa a ƙasa. Ba haka lissafin yake ba ɗungum. Girman wurin da taya ke takawa ya dogara ne musamman ga nauyin da ke kanta da matsin iskar cikinta. A ɗauki mota mai kilogiram 1,200, kowace ƙafa tana ɗauke da 300, wato ƙarfin da ya kai niyuton 2,940. Idan matsin iska faskal 220,000 ne, a raba na farko da na biyu, za a sami kimanin murabba'in santimita 134, wato kwatankwacin tafin hannun babban mutum. Taurin roba yana sa ainihin adadin ya ɗan bambanta, amma ƙa'idar tana nan. Abin da faɗi ya fi canjawa shi ne siffar wurin: ya zama mai faɗi kuma gajere. Irin wannan siffa tana taimaka wa riƙo a kwana idan kwalta a bushe take. Da damina kuwa, inda ruwa ya kwanta a hanya, taya mai faɗi tana da ruwa mai yawa da za ta ture, saboda haka ta fi saurin hawa kan ruwan ta rabu da ƙasa, sitiyari da birki su daina aiki na ɗan lokaci.

Nauyin da sifirin bai ɗauka ba

Injiniyoyi suna raba nauyin mota gida biyu: wanda ke bisa sifirin, kamar bodi da inji da fasinjoji, da wanda ke ƙarƙashinsa, kamar ƙafafu da birki. Kullum burinsu na biyun ya ragu. Idan ƙafa ta hau tudu, sama take tashi, aikin sifirin ne ya mayar da ita ƙasa da sauri. Bisa dokar Newton ta biyu, ƙarfi ɗaya ya fi saurin motsa abu marar nauyi. Ƙafa mai nauyi tana daɗewa ba ta koma ta danne ƙasa sosai ba, kuma tana bugun bodi da ƙarfi. A nan daɗin zama da riƙon hanya duka suna raguwa tare. Da yake ƙarfe ya fi roba da iska nauyi, babban rim yakan fi ƙarami nauyi in dai kayan ƙirarsu ɗaya ne. Nauyin kuma yana nesa da tsakiyar ƙafa, saboda haka inji yana shan wahala wajen juya ta.

A shekarar 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada wannan a kan mota ɗaya, ita ma Golf, aka riƙa canja mata ƙafafu daga inci 15 har zuwa 19. Riƙon kwana ya ƙaru da aka bar inci 15, amma tazarar da motar ke ci da adadin mai ɗaya ta ragu da kimanin kashi 10 cikin 100 tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, saurin tashinta ma ya ɗan ragu. Ga wanda ke sayen fetur da kuɗin aljihunsa, kashi 10 ba abin wasa ba ne.

Masu ganin babban rim alamar gudu ce ya kamata su san cewa motocin tseren Formula 1, waɗanda ke wuce kilomita 300 a awa, da rim mai inci 13 suka yi ta tsere shekaru da dama. Sai a 2022 aka koma inci 18, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne a sa tayoyinsu su yi kama da na motocin da ake sayarwa.

Ga mai zaɓe, tambaya ta farko ita ce wace hanya motar ke bi kowace rana. Wanda ke zirga-zirga a lafiyayyar kwalta mai kwanoni zai more ƙarin inci ɗaya, ba tare da ya yi asarar daɗi mai yawa ba. Wanda hanyarsa ke da ramuka, ko yake shiga ƙauyuka, ko yake ɗaukar kaya da fasinja, ya fi masa alheri ya tsaya a kan mafi ƙanƙantar girman da kamfani ya amince da shi. Tayoyinsa sun fi araha, sun kuma fi sauƙin samu in an yi faci a nesa da gari. Girman da aka amince da su yana rubuce a littafin mota, kuma a yawancin motoci akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, mai nuna su tare da matsin iskar da ya dace da kowanne.

Bayan lambobin girma akwai wasu biyu da bai kamata a tsallake ba, kamar 91H. Lamba 91 tana nufin tayar za ta iya ɗaukar kilogiram 615, harafin H kuma yana nufin an yi ta don gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba. Sabuwar taya, ko wane girma aka zaɓa, kada lambar nauyinta ta gaza wadda kamfani ya rubuta. Iska kuma da safe ake auna ta kafin a yi tafiya, domin zafin kwalta da na gudu suna ɗaga matsinta. Masu faci da yawa suna hura wa taya iska har sai ta yi tauri kamar dutse, suna gwadawa da bugun ƙarfe maimakon ma'auni. Taya mai inci 15 da aka cika ta haka tana iya jijjiga mutum kamar mai inci 17 da aka hura daidai.