Kitsen da Ido Ba Ya Gani: Ɗigon Maiƙo a Cikin Huhu

Duk mahaucin da ke fawa a kasuwar Gwandu ko ta Kalgo ya san wuraren da kitse (kitce a karin harshen yankin) yake taruwa a jikin dabba, wato kewayen ƙoda da bisa tumbi da tozo. Huhu kuwa nama ne sakayau, ba a neman kitse gare shi. Sai dai binciken kimiyya ya tabbatar da cewa akwai maiƙo a cikinsa, wanda ba a gani sai da madubin likita.

Shi wannan maiƙo yana zaune cikin ƙwayoyin halitta a matsayin ƙananan ɗigo, kowane ɗigo lulluɓe da wasu furotin da ake kira ferilifin. An gano na farkonsu a Amurka cikin 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, yanzu kuwa an san iri 5. Aikinsu tamkar na murfin rumbu ne: su ke kare ɗigon daga sinadaran da ke narkar da kitse, su ke kuma ba da hanya idan bukata ta taso.

Nau'i na 2 ya yi fice a huhu. Nazarin da aka yi kan huhun ɓera ya nuna cewa wasu ƙwayoyi da ke jikin jakunkunan iska suna tara maiƙo da taimakonsa, sa'an nan su miƙa wa maƙwabtansu. Da shi ne maƙwabtan ke haɗa wani ruwa mai santsi, wanda kusan kashi 90 cikin 100 nasa maiƙo ne. Ruwan yana hana jakunkunan mannewa bayan an fitar da numfashi. Tun 1959 Avery da Mead suka nuna cewa ƙarancinsa ne ke sa numfashi ya yi wa bakwaini wuya.

Amma rumbun yakan zama abincin ɓarawo. Ƙwayar cutar tarin fuka takan sa dakarun jiki da suka haɗiye ta su cika da ɗigon maiƙo, ita kuma ta rayu a kansa ta daɗe a ɓoye.

Ke nan maiƙon huhu tanadi ne mai fuska biyu: da shi jariri ke samun sauƙin numfashi, da shi kuma cuta ke samun guzuri.