In Kwamfutarka Ta Ƙi Karɓar Windows 11, Duba Rabon Faifai Tukuna

Jama'a, tun ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannu daga Windows 10, watau ya bar aiko da gyare-gyaren da ke toshe wa ɓarayin intanet hanya, sai fa ga wanda ya yi rajista ta musamman. Ga shi kuwa da yawa daga kwamfutocin shagunanmu, daga Nima har Zongon Kumasi, na hannu ne da aka kawo daga Turai, a cikinsu kuma ake ajiye lissafin kaya da sunayen masu bashi. Mutum ya nemi hawa Windows 11, na'ura ta ƙi. Ya kai wa mai gyara, sai a ce masa ko dai a share kome, ko kuwa ya sayi sabuwa. Sau da yawa abin bai kai nan ba.

Ku ɗauki faifan ajiyar kwamfuta kamar gidan haya ne da aka yanka ɗaki ɗaki, da takarda a zaure mai nuna iyakar kowanne. Takardun nan iri biyu ne. Tsohuwar, ana ce da ita MBR, tun 1983 ake aiki da ita, ba ta san manyan ɗakuna fiye da 4 ba, ba ta kuwa iya faifan da ya wuce terabait 2. Sabuwar ita ce GPT. Shi Windows 11 yana son na'ura ta tashi ta hanyar da ake kira UEFI, ita kuwa hanyar nan sai da GPT. To, masu sayar da na hannu sukan ɗora Windows bisa tsohuwar takarda don sauri, ko da na'urar ta iya sabuwar. Nan ne cikas ɗin yake.

Kafin ka ba kowa ko sidi ɗaya, sa yaronka ya buɗe PC Health Check, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta. In ta ce ƙwaƙwalwar na'urar ce ta tsufa, misali Intel da ta girmi zubi na 8, ko kuwa babu TPM 2.0 sam, to, gyaran faifai ba zai yi magani ba, kada ka ɓata kuɗinka. In kuwa Secure Boot kurum ta ambata, a buga msinfo32 a duba. In an ga Legacy, akwai dama.

Maganin yana cikin Windows 10 kansa tun 2017, sunansa mbr2gpt, yana juya tsohuwar takarda ta zama sabuwa ba tare da share kaya ba. Amma lalle ne a fara kwafe lissafi duka a wani faifai dabam, a kuma buɗe kwafin a gani da ido. Wanda ya ce maka ba sai an kwafe ba, karɓe na'urarka ka yi gaba. Sa'an nan a buga mbr2gpt /validate /allowFullOS, wanda dubawa kawai yake yi. In ya ƙi, yawanci ɗakunan ne suka cika 4, shi kuwa ba ya aiki sai ba su wuce 3 ba, domin yana neman gurbin da zai gina nasa. A nan ne masu garaje ke yin ɓarna, su rushe ɗakin da na'ura ke tashi da shi don sun ga ƙarami ne. A tabbata abin da ke cikin kowanne tukuna. In ya yarda, a sa /convert a madadin /validate, a dakatar da BitLocker kafin nan in yana kunne.

Saura abu guda da ke firgita mutane. Bayan juyawa na'ura ba za ta tashi ba sai an shiga saitin BIOS an mai da shi UEFI daga Legacy. Ba lalacewa ta yi ba. Ku sani kuma mbr2gpt ba shi da hanyar komawa baya.

Wani lokaci kuwa takardar daidai take, ƙaramin ɗakin tashin ne, mai megabait 100, ya cika, sai a ga lamba 0x800f0922. Wannan rage tarkacen ciki ake yi ko a faɗaɗa shi, aikin wanda ya ƙware ne, a yi shi kuma a gabanka.