Tsattsauran Ra'ayi da Haƙƙin Mata a Ƙasar Hausa

Sau biyu cikin shekara talatin tsattsauran ra'ayin addini ya ɗauki makami a ƙasar Kano. Na farko shi ne rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a unguwar 'Yan Awaki, wanda ya ci rai fiye da 4,000. Na biyu ya ɓullo a Yulin 2009, lokacin da 'yan Boko Haram, mabiya Muhammad Yusuf, suka yi arangama da jami'an tsaro a Bauchi da Maiduguri da Potiskum, suka kuma kai hari ofishin 'yan sanda na Wudil. Ga mutanen Indabo da Darki da Utai da Lajawa, waɗanda Wudil ce hedikwatar ƙaramar hukumarsu kuma kasuwarsu ta Juma'a, wannan fitina a ƙofar gida ta faru.

Maza ne suka fi mutuwa a yaƙin Boko Haram, amma mata an ware musu wata irin cuta ta daban. A ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin allurar rigakafin shan inna a birnin Kano. A ranar 14 ga Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, sannan a Fabrairun 2018 aka sake ɗibar 110 a Dapchi. Tsakanin waɗannan sace-sacen biyu ne ƙungiyar ta fara ɗaura wa mata bam: a Yulin 2014 a Kwalejin Fasaha ta Kano, a Disamba kuma a kasuwar Kantin Kwari. Wato waɗanda suka ce haramun ne yarinya ta fita zuwa aji su ne suka tura ta cikin taron maza da jigidar mutuwa a ƙugu.

Wannan aƙida ba ta da tushe a karatun ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. An ma zarge shi a zamaninsa da barin mata su halarci wa'azinsa, ya kare kansa da hujja. 'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa, ta koya mata waƙoƙin tauhidi da tsarki da sallah, jajin kuma ta koma ƙauye ta koyar da matan da aure ya hana su tafiya. Ilimin mata a karkara ke nan, tun kafin Turawa su iso Sakkwato a 1903.

Sai dai kuskure ne a ɗora wa masu bindiga duk laifin tauye mata. Matan Kudu sun fara jefa ƙuri'a tun shekarun 1950, na Arewa kuwa sai 1976, a ƙarƙashin mulkin soja. Waɗanda suka hana su a jamhuriya ta farko masu mulki ne da rawani da kujera, suna cewa addini da al'ada ba su yarda ba. Malam Isa Wali ya ƙalubalanci wannan da hujjojin Alƙur'ani da Hadisi a maƙalun da ya buga a 1956. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Da aka buɗe ƙofar, ba a ji wani malamin kirki ya ce sallar mace ta ɓaci don ta kaɗa ƙuri'a ba. Yau layin mata a rumfar zaɓe shi ne abin da kowane ɗan takara yake fara leƙawa.

Shari'o'i biyu na farkon ƙarnin nan sun fi komai nuna inda mafita take. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 wasu jihohi suka bi sahu, wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa a 2001, wata a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irinsa a 2002. A duka biyun ciki ne hujja, kuma a duka biyun an sallami namijin saboda babu shaidu huɗu. Duniya ta yi ca, an yi ta rubuta takardun koke daga Turai da Amurka. Amma abin da ya kuɓutar da su fiƙihun Malikiyya ne. Lauyoyinsu, da taimakon ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB, suka tsaya kan cewa wanda ya yi iƙirari yana da damar janyewa, kuma haddi yana faɗuwa idan akwai shubuha. Suka kawo mas'alar kwantacce, wadda ta ce ciki na iya kwanciya shekaru, don haka bazawarar da ta haihu cikin wannan tsakani ana iya jingina ɗan ga tsohon mijinta. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta wanke Safiya a Maris 2002, ta Katsina kuma ta wanke Amina ranar 25 ga Satumban 2003. Tsaurin alƙalan farko ƙarancin karatu ne, waɗanda suka fi su sani suka warware shi.

Akasin haka ya faru da ƙudurin daidaita jinsi da Sanata Biodun Olujimi ta kai majalisar dattawa, wanda aka yi watsi da shi a Maris 2016. Batun raba gado daidai tsakanin namiji da mace na cikin abin da ya sa malamai da Sarkin Musulmi suka ƙi shi, domin nassi ya riga ya yanka wa kowa kasonsa. A Nijar ma dokar iyali ta maƙale tun shekarun 1990 saboda irin wannan saɓani. Maroko ta bi wata hanya: gyaran dokar iyalinta na 2004, wanda ya ɗaga shekarun aure zuwa 18 ya kuma sa saki ya bi ta gaban alƙali, an gina shi ne da hujjojin malamai. Can ɗaya gefen kuma akwai Taliban, da suka rufe wa mata sakandare bayan 2021 da jami'a a Disambar 2022, har Azhar da Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi suka fito suka yi tir.

Ana ta jayayya a Abuja kan ko mace za ta sami kaso daidai da namiji, alhali a ƙauyuka da dama rabin da shari'a ta ba ta ma bai shiga hannunta ba. Uba ya rasu, 'yan'uwa maza su riƙe gona da sunan kada ta fita daga gida, a riƙa aika wa 'yar'uwa ɗan abin da aka ga dama da kaka. Ta nemi a raba, a ce ta yanke zumunci. Haka ake sakin mace da goyo ba ciyarwar idda ba kuɗin shayarwa, ta koma gidan iyaye ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula, 'yarta kuma ta bar aji ta ɗauki farantin talla. Ba Boko Haram ce ke yin wannan ba, kuma babu littafin fiƙihun da ya halatta shi. Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya taɓo ɓangaren aure da saki a 2017 da shawarar dokar iyali, ya sha suka daga ɓangarori da yawa.

Wudil tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Yarinyar Indabo ba ta da nisa da ƙofarta, abin da ke tsakaninsu shi ne ta gama sakandare kafin a ɗaura mata aure, ko mijin ya cika alkawarin barinta ta ci gaba. Wannan yana hannun iyaye da dagatai da limaman Juma'a da alƙalan kotunan shari'a. Su ne ya kamata su fara da abin da ba mai musu a kansa: a raba gado da zarar an yi rasuwa, a rubuta kason mace da sunanta, a tilasta wa mai saki ciyar da 'ya'yansa, a kuma daina aurar da yarinya ga wanda ta ce ba ta so.