Me Ya Hana Kantunan Abinci Na Zamani Isa Gwiwa?

Mutumin ƙasar Gwiwa da yake bukatar garin alkama na leda, ko acca wankakkiya, ko madarar jarirai ta musamman, galibi sai ya yi shirin tafiya. In ya yi sa'a ya samu a Kazaure, in kuwa bai dace ba sai ya miƙa Kano, wadda take kimanin kilomita 80 daga Kazauren. Ga shi kuwa ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Gwiwa tana da mutum fiye da 120,000, waɗanda kullum sai sun ɗora tukunya. To, me ya sa mai babban kanti ba ya waiwayar wannan taron jama'a?

Amsar tana cikin tarihin kantunan Kano. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa sun kakkafa kantunansu ne a bayan ganuwa, kusa da tasha, sa'an nan Kwarori suka yi nasu layin, wanda har yau ake kira Kantin Kwari. Daga baya aka sami irin su Kingsway na kamfanin U.A.C., wanda ya fara buɗewa a Ikko a 1948, da Leventis da U.T.C. da Chellarams. Masu sayayya a cikinsu su ne Turawa da manyan ma'aikatan da suke zaune a Nasarawa da Bompai. Haka kuma manja da garin rogo da busasshen kifin Kudu suka yi sansani a Sabon Gari, domin a nan masu cinsu suke. Wato kantin kayan abinci na musamman yana bin sawun mai saye ne, ya zauna a ƙofar gidansa.

Abubuwa uku mai irin wannan kanti yake dubawa kafin ya zuba jarinsa. Na farko albashi, wato mutanen da kuɗi yake shigo musu kowane ƙarshen wata. Na biyu wutar lantarki, domin kaji da kifi da man shanu ba sa kwana sai a firji. Na uku hanya mai kyau wadda motar kaya za ta bi daga Kasuwar Singa ta Kano ba tare da kuɗin dako ya cinye ribar ba.

A wannan yanki na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, garin Kazaure ne ya fi haɗa waɗannan sharuɗɗa. Shi ne fadar masarautar da ta ƙunshi Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, yana bisa babbar hanyar Kano zuwa Daura, kuma a nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu take. Malamai da ɗalibai da ma'aikatan asibiti da na banki da matafiya su ne abokan cinikin kantunan bakin titi. Sai kuma masu ciwon sukari da likita ya canja wa abinci, da iyayen amare masu haɗa kayan gara, da magidanta masu sayen kayan shayi da dabino gabanin azumi. Babura kuwa kusancinta da iyakar Nijar ne yake jawo mata 'yan kasuwa.

Shi manomin Gwiwa lissafinsa dabam ne. Kuɗinsa mai kauri sau ɗaya yake zuwa a shekara, bayan kaka. Hatsi yana rumbu, saboda haka abin da yake nema a kullum shi ne ƙullin gishiri da ɗunkulen magi da ludayin mai. Wannan kuwa mai tebur na unguwa ne yake iya sayar masa, har ya ba shi bashi zuwa ranar kasuwa, domin ya san gidansu. Babban kanti ba ya raba gwangwani gida huɗu, ba ya kuma rubuta bashi. Bugu da ƙari, karkara tana da nata gwanayen: mai daddawa da mai yaji da mai kilishi da mai man gyaɗa, kowa da sana'ar da ya gada.

Ko a birni ma kafa kantin ba shi ne ɗorewarsa ba. Shoprite ya buɗe a rukunin kantunan Ado Bayero da ke Kano a 2014, jama'a suka yi ta tururuwa, amma a Janairun 2024 ya rufe ƙofarsa, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, lokacin da tsadar kaya ta rage wa ma'aikaci ƙarfin aljihu. Dama Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya kamata ya dami mutanen Gwiwa ya wuce wahalar tafiya sayayya. Jigawa tana cikin jihohin da suke kan gaba wajen noman riɗi da zoɓo. Ana kwasar amfanin gonar a buhu zuwa Kasuwar Dawanau, a can birni a tsince shi, a niƙa, a zuba a leda mai tambari, sa'an nan a jera shi a kanta a farashin da manomin da ya noma shi ba zai iya biya ba. Ladan tsincewa da niƙa da ƙullawa duk a birni yake tsayawa.

Ke nan, maimakon zaman jiran babban kanti, gara ƙungiyoyin gama kai na manoma da na mata su soma gyara kayansu a gida, su nemi rajistar hukumar NAFDAC, su kuma kai shi kantunan Kazaure da Kano da sunan garinsu. Firji mai aiki da hasken rana ya rage matsalar wuta, kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, an tsara ta ne ta bi ta Kazaure. Sauran aiki ya rage ga ƙaramar hukuma da masu hali na yankin, su taimaka da jari da injinan niƙa. Allah ya sa a dace.