Wa ke duba malamin lissafin da ke shirya 'ya'yanmu shiga jami'a?

Babu ɗan kasuwar da zai ɗora wa yaronsa buhunan albasa daga Garou zuwa Kwatano ya ce ba zai yi lissafi da shi ba idan ya dawo. Ko da yaron amintacce ne, sai an zauna an ƙirga, domin amana ba ta hana bincike. To amma abin mamaki, da yawa daga cikinmu muna biyan kuɗin makaranta da na littattafai shekara bakwai cur, daga ajin farko na kwalej har zuwa ajin ƙarshe, ba mu taɓa tambayar wanda ke duba aikin malamin da muka danƙa wa 'ya'yanmu ba. A fannin lissafi kuwa wannan sakaci yana da tsada ƙwarai.

Dalili shi ne, jarrabawar BAC da yaro ke yi a ƙarshen sakandare ba takardar sakandare ba ce kawai. Tun 1808, lokacin da Napoleon ya kafa ta a Faransa, ana ɗaukarta a matsayin matakin farko na takardun jami'a, kuma haka muka gaje ta. Shi ya sa a nan Jamhuriyar Benin ofishin BAC yana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi, alhali malamin da ke koyar da yaron yana ƙarƙashin ma'aikatar ilimin sakandare. Wato dai malami a kwalej yake tsaye da alli, amma mudun da za a auna aikinsa da shi na jami'a ne. Yaron da ya ci BAC a sashen C, inda lissafi ya fi kowane darasi nauyin maki, ko a sashen D, shi ne ke da damar neman aikin likita ko injiniya ko aikin gona na zamani a Jami'ar Abomey-Calavi ko Jami'ar Parakou da aka buɗe a 2001, ko cibiyar lissafi da kimiyya ta Dangbo.

Kada wani ya ce ai 'ya'yan 'yan kasuwa a cikin lissafi aka haife su. Gaskiya ne yaronmu yana mayar da naira sefa a ka, ya san dala 200 ita ce jika ɗaya tun kafin ya iya ɗaure wando. Sai dai lissafin ajin ƙarshe wani abu ne daban. Akwai logaritim, akwai lissafin yadda abu ke hawa da sauka, akwai na auna yiwuwar aukuwar abu, kuma kowane babi a kan na baya yake zaune. Idan malami ya tsallake babi ɗaya, ko ya koyar da shi a gurguje saboda shi kansa bai riƙe shi da kyau ba, yaro ba zai gane an cuce shi ba sai ranar jarrabawa, ko kuma a shekararsa ta farko a jami'a, bayan uba ya riga ya biya kuɗin ɗaki da na abinci.

A tsarin ƙasar nan, masu duba malamin hawa-hawa ne. A cikin makaranta akwai darakta da mataimakinsa mai kula da karatu, wanda ake kira sansar. Kowane darasi kuma yana da jagora daga cikin malaman, wanda ke tara abokan aikinsa kowane mako su tattauna inda aka kai da inda aka sami cikas. Sama da shi akwai mai ba malamai shawara, wanda ke zagaya makarantu da dama, ya zauna a bayan aji ya saurari darasi, sannan ya gyara wa malami. A can sama kuma akwai sufeto, wanda ke auna malami ya rubuta rahoto. Dukkansu abin da suke fara buɗewa shi ne littafin aji, wanda ake kira kaye da tekis, inda malami ke rubuta abin da ya koyar kowace rana.

A takarda tsarin ba shi da laifi. Matsalarmu ita ce nisa da ƙarancin ƙwararru. Hukumar ilimin sakandare ta jihar Alibori tana Kandi, kimanin kilomita 100 daga Malanville, Kwatano kuwa ta haura kilomita 700. Makarantar horar da malaman lissafi da kimiyya tana Natitingou, kuma wanda ya fito da takardar BAPES ko CAPES ba kasafai yake ɗokin zuwa bakin kogin Kwara ba. Tun 2019 gwamnati ta shigo da tsarin malaman da ake kira AME domin cike gurbi. A cikinsu akwai haziƙan matasa da suka karanta lissafi sosai, amma sanin abu daban, iya koyar da shi daban, kuma irin wannan malami shi ya fi kowa bukatar wanda zai riƙa leƙa ajinsa yana ɗora shi a hanya. A ƙaramar makaranta da malamin lissafi na manyan azuzuwa ɗaya ne tak, da wa zai yi taron mako?

Maƙwabtanmu na Nijeriya suna da wata hanya da ya kamata a duba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ke riƙe da shirin IJMB, wanda ake koyarwa a kwalejoji daban-daban, kuma wanda ya ci shi yana shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Tun da jami'ar ce za ta karɓi ɗaliban, ita ce ke tsara manhaja da jarrabawa. A Amurka ma akwai makarantun sakandare da ke koyar da darussan jami'a, yaro ya tafi da makinsa. Ƙungiyar NACEP da aka kafa a 1999 ta shimfiɗa ƙa'ida cewa malamin jami'a a wannan fanni ya horar da malamin sakandaren, ya riƙa ziyartar ajinsa, ya kuma tabbatar mudun da ake ba da maki ɗaya ne. Hikimar a fili take, mai sayen kaya shi ya fi dacewa ya duba su tun suna gona. Muna ganin malaman lissafi na jami'o'inmu za su iya yin irin wannan ga kwalejojin Alibori, ko da sau ɗaya ne a zango.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannunmu. Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyayen yara, kuma mu 'yan kasuwa mun fi kowa ƙaurace wa taronta da hujjar ranar kasuwa. Uba ba ya bukatar jin Faransanci kafin ya tambayi darakta cikin ladabi, yaushe rabon da mai ba da shawara ko sufeto ya shiga ajin lissafi? Babi nawa ne a manhajar bana, nawa aka gama? Takardun gwaji ana gyara su a mayar wa yara a kan lokaci? Wannan ba tozarta malami ba ne. Malamin kirki yana murna da mai tambaya, domin ta nan ake sanin ba shi da littafi, ko ajinsa ya cika maƙil, ko yana bukatar ƙarin horo. Haka kuma kada mu janye yaro daga aji ranar kasuwa don ya tsare rumfa, sannan mu ɗora wa malami laifi.

Mun ga yadda ciniki ya tsaya cik lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, mun kuma ga manyan motoci jere a bakin gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Wanda ya sha wannan ya san ba a tara dukiya duka a rumfa ɗaya. Ilimin yaro jari ne da rufe iyaka ba ya taɓa shi, amma shi ma sai an bi sawunsa kamar kowane jari. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya kuma saka wa malamanmu da alheri.