Gwangwan da Layin Dogon Kafanchan: Wa Ke Sayen Ƙarfen?

Layin dogo ne ya raya Kafanchan. Tun daga 1927 nan ce mahaɗar da jirgin Fatakwal ke rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Jos, ɗayan ya ratsa Zonkwa zuwa Kaduna. Yau da wuya a ji kukan jirgi a wannan hanya, kuma ƙarfen da aka bari kwance ya zama haja. A 2021 gwamnatin Kaduna ta sanar da kama wasu mutane da yankakkun ƙarafan dogo a ƙaramar hukumar Jema'a. Duk sanda irin haka ta faru, 'yan gwangwan ake nuna wa yatsa, alhali yaron da ke tura kura da mayen ƙarfe ɗaure a sanda shi ne mafi ƙarancin riba a harkar.

Tushen matsalar yana wurin masu narka ƙarfe. An kafa kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun 1979 don Najeriya ta riƙa sarrafa tamarta, har yau bai fara aikin da aka gina shi dominsa ba. Saboda haka masana'antun rodi na Legas da Ogun suka dogara da tsohon ƙarfe, kuma tanderunsu ba ya son hutu. Da darajar naira ta faɗi bayan watan Yunin 2023, ƙarfen waje ya yi tsada, buƙatar na gida ta ƙaru. Dillali na biya ne da kilo, sikeli kuwa ba ya tambayar asali. Tsohuwar garma da ruɓaɓɓen kwano sai an yini ana tarawa, amma guntun dogo guda ya fi buhu nauyi, ga shi ƙarfe mai kyau. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana inda ɓarawo zai dosa.

Masu cewa a haramta sana'ar suna da hujja, domin Borno ta yi hakan a 2023, Abuja ma ta kori 'yan bola jari a farkon 2025. Sai dai haramci ba ya kashe wutar tanderu. Yana mayar da cinikin dare ne kawai, ya raba dubban matasa da abinci, ya kuma bar tarkace a bola. Ba a ɗaukar dogo a kura. Sai da na'urar yanka, da tirela, da shingayen bincike da za a wuce, da mai saye da ya riga ya yi alkawari.

Wannan mai sayen ne ba a gani. Kamfanin sayen tsohon ƙarfe irin Sims na Ostareliya yana kasuwar hannun jari, dole ya buɗe littafinsa, kuma abin kunya kan karya farashin hannun jarinsa. Manyan masu narka ƙarfe a nan galibi kamfanoni ne na iyali, ba mai hannun jarin da zai tambaye su daga ina lodin jiya ya fito. Abin da kasuwa ba ta tilasta ba sai doka ta tilasta: rajistar kowane lodi a ƙofar masana'anta, da tara mai zafi ga duk wadda aka samu dogo a harabarta. Masana'antar sarrafa tama da aka kafa a Gujeni, cikin Kagarko, za ta iya rage yunwar tsohon ƙarfe, amma masana'anta ɗaya ba ta ciyar da tanderun ƙasa baki ɗaya.